Filin Tambayoyin Masu Karatu: Baƙin Beyar a Ƙofar Masauki

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan dabba ɗaya suke, wato baƙin beyar na Arewacin Amurka, dabbar daji mai kauri da gashi da farata wadda Turawa ke kira bear, kuma akasarinsu sun fito ne daga masu karatunmu mazauna can waɗanda suka kai iyalansu hutu yankin tsaunukan Smoky, a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa. Na taƙaita wasiƙun, na haɗe waɗanda suka yi kama da juna, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A watan Yunin da ya wuce mun kama hayar wani gidan katako a bayan garin Gatlinburg, ni da maigidana da yaranmu uku. Ran da muka sauka mun gasa nama a baranda da daddare. Da asuba, bayan na idar da salla, sai na ji ƙarar ƙarfe a waje. Ina ɗaga labule na ga wata baƙar dabba mai kauri ta kifar da murhun gashin, tana lasar farantin da mai ke ɗiga a ciki, tsakanina da ita gilashin ƙofa ne kawai. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abin da take yi. Kashegari ta dawo, haka ma rana ta uku. Maigidan ya ce ai ta saba da mutane, ba ta da illa, yara kuma har sun so su ajiye mata burodi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Tsoro ne kawai ya kama ni, ko kuwa akwai abin tsoron? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A gaida maigida, a kuma ba shi haƙuri, domin a wannan karon ke ce a kan daidai. Hujjar da ya kawo don ya kwantar miki da hankali, cewa dabbar ta saba da mutane, ita ce ainihin abin da ya kamata ya tayar masa da nasa.

Bari in fara da inda kuka sauka. Gatlinburg ƙaramin gari ne da ke manne da gandun dajin ƙasa na tsaunukan Smoky, wanda aka kafa a 1934, mai faɗin fiye da eka 500,000. Babu gandun dajin ƙasa a duk Amurka da ya kai shi karɓar baƙi, domin mutum fiye da miliyan 12 ne suka shige shi a 2024, kuma hukumar da ke kula da shi ta ƙiyasta cewa beyar kimanin 1,900 ne ke zaune a ciki. Gandun ba shi da katanga, gidajen hayar da ake gina wa 'yan yawon buɗe ido kuwa suna ta hawa kan tudu, suna kutsawa cikin kurmin da dabbar ke kiwo tun kafin a san za a yi garin. Ganin beyar a wannan yanki, ke nan, ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne halin da ya nuna lokacin da kuka haɗa ido.

Beyar na daji wanda bai lalace ba matsoraci ne. Kimanin kashi 85 cikin 100 na abincinsa tsirrai ne, wato ciyawa da ganye da ƙananan 'ya'yan itace da ƙwayayen itatuwa, sauran kuwa tururuwa ce da zanzaro da mushe. Da ya ji motsin mutum sai ya bar wurin ko ya haye bishiya, sau da yawa ma ba tare da mutumin ya san sun yi kusa ba. Wanda ya dube ki ta gilashi ya ci gaba da lasar faranti ya riga ya yi karatu a hannun baƙin da suka gabace ku: wani ya bar shara a waje, wani ya manta da akwatin sanyaya abinci a baranda, wani kuma ya jefa masa guntun burodi daga bene don ya ɗauki hoto. Dabba ce mai ƙarfin jin ƙanshi ƙwarai, mai kuma riƙe abu a ka. Inda ya ci sau ɗaya ba ya manta hanyarsa, macen kuma tana koya wa 'ya'yanta. Ruwa ba ya tsami banza, dawowar da ya yi kwana uku a jere maiƙon da ya samu a daren farko ne ya jawo ta. Ki lura kuma da watan da kuka je. A Mayu da Yuni 'ya'yan itacen daji ba su gama nuna ba, dabbobin suna fama da yunwa, kuma a wannan lokacin ne uwaye ke korar 'ya'yan da suka kai shekara ɗaya da rabi su je su nemi na kansu, shi ya sa ƙorafi kan shigowarsu gidaje ke yawa a tsakanin nan.

Sabo yana tafiya ne mataki-mataki. Da farko beyar yana zuwa cikin dare a sace, daga nan ya fara zuwa da rana, sai ya daina gudu idan an yi masa tsawa, sannan ya fara tura ƙofa ko ya fizge jaka daga hannun mutum. A wannan mataki na ƙarshe ne ake samun rauni, galibi ba da niyyar kisa ba; dabba ce dai mai nauyi da farata tana neman abin da ta saba samu. Namiji a tsaunukan Smoky yakan kai kilo 110 da ɗoriya a lokacin zafi, mace kuma kilo 45 zuwa sama, kafin hunturu kuma nauyin nan yana iya ninkawa. Hannun yaro da ke miƙa burodi ba abin da zai tsaya a gaban wannan ba ne.

Sai kuma ɓangaren da masu jefa abinci ba sa tsayawa su gani, domin kafin ya faru sun koma gidajensu. Jami'ai sukan fara da tsorata dabbar, su kama ta su sa mata alama a kunne, wani lokaci su kai ta wani daji mai nisa. Da yawa daga waɗanda aka kai nesan sukan yi doguwar tafiya su dawo, wasu mota ta buge su a hanya. Wanda ya shiga gida ko ya ji wa mutum ciwo kuwa, ƙarshensa kisa ne a hannun jami'an. Ma'aikatan gandun suna da wata magana da suke yawan nanatawa, cewa beyar ɗin da aka ciyar mataccen beyar ne, kuma hukumar ta ce wanda ya saba da abincin mutane da shara yakan yi rabin shekarun ɗan'uwansa na daji ne kawai, wanda ke kaiwa shekara 12 zuwa 15 ko fiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: baƙo ya tafi da hotonsa, dabbar ta biya da ranta. Saboda haka ne doka ta yi tsanani. A cikin gandun, ciyar da beyar ko barin abinci a inda zai samu na iya jawo tarar da ta kai dala 5,000 da ɗaurin da ya kai wata 6. Garin Gatlinburg ma ya hana ciyar da su, ya kuma wajabta mazubin shara mai makulli wanda dabba ba ta iya buɗewa.

In Allah ya sa kuka koma, abin yi ba shi da wuya, sai dai yana son kulawa kowane dare. A wanke murhun gashi tun da ɗuminsa, a cire farantin man a shigar da shi ciki. Kada a bar komai mai ƙanshi a baranda, ko da kwalbar lemo ce da aka shanye. A zuba shara a mazubinta a tabbatar sakatar ta kama, domin rufin da aka ɗora ba a danna ba daidai yake da buɗaɗɗe. A kulle ƙofofi da tagogin ƙasa. Mota kuma a kulle ta da makulli, a ɗaga gilasai, a kwashe ɓawon alewa da guntun biskit ɗin da yara ke zubarwa a kujerar baya, saboda beyar ɗin wannan yanki sun iya jan hannun ƙofar mota, kuma idan ƙofar ta rufe da ɗaya a ciki, kaca-kaca yake yi da kujeru kafin a fitar da shi. Idan ya zo kuna ciki, ku zauna a ciki, ku buga tukwane, ku yi masa ihu ta taga har ya tafi, sannan ku sanar da masu gidan da hukumar kula da namun daji ta jihar. In yana ƙoƙarin shigowa ne, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. A watan Agusta mun je Cades Cove da abokaina. Muna cikin tafiya sai motoci suka tsaya cak, mutane suka yi ta fitowa da wayoyi a hannu. Ashe wata macen beyar ce a gindin bishiya, 'ya'yanta biyu suna sama suna karya rassa. Na bi mutane na matsa, har na kai inda nake jin numfashinta. Sai ta fara huci, tana kaɗa haƙora suna ƙas-ƙas, ta daki ƙasa da hannu, ta zaburo taku uku ko huɗu ta tsaya. Kowa ya watse da gudu, har da ni. Abokina ya ce Allah ne ya kiyaye, wai babu abin da ya kai uwa mai 'ya'ya kisa. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ne ya kiyaye, wannan babu musu. Amma ka yi kuskure biyu, abokinka kuma ya yi ɗaya.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Cades Cove wani kwari ne mai faɗi a ɓangaren Tenesi na gandun, inda aka adana tsofaffin gidajen katako da majami'u da injin niƙa na manoman da suka zauna a can kafin a mayar da yankin gandu. Hanya ɗaya ce ta zagaye shi, mai tsawon mil 11, kusan kilomita 18, kuma gaba kawai ake bi. Da yake fili ne a buɗe, nan ne aka fi ganin namun daji, kuma da zarar mota ɗaya ta tsaya a tsakiyar titi don kallon beyar, duk na bayanta sun maƙale. Cunkoson da ka gani abu ne na kusan kullum a lokacin hutu.

Kuskurenka na farko shi ne matsawa. Dokar gandun ta hana kusantar beyar da gangan ƙasa da yadi 50, wato kimanin mita 45, ta kuma ƙara da cewa duk nisan da ya sa dabbar ta sauya abin da take yi ya zama kusa. Idan ta daina ci ta zuba maka ido, ko ta sauya hanya saboda kai, ka riga ka ƙetare iyaka ko da ka fi yadi 50. Akwai wata dabara mai sauƙi da ake koya wa baƙi: ka miƙe hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, in yatsan bai rufe dabbar gaba ɗaya ba, ja da baya. Wanda ke jin numfashinta kuwa ba ya bukatar awon yatsa. Ganin wasu sun matsa ba izini ba ne, tara ma kowa tasa zai biya.

Na biyu shi ne gudu. Beyar yana iya gudun kilomita 48 a awa, a hawa ko a gangara, yana iyo, yana kuma hawan bishiya fiye da kowane ɗan Adam. Ba za ka tsere masa ba, gudun ma yana iya tayar masa da sha'awar bi. Abin da ya dace shi ne ka tsaya, ka ci gaba da fuskantarsa, ka yi magana da murya a natse, kana ja da baya sannu a hankali, in akwai ƙaramin yaro ka ɗauke shi, ka kuma tabbatar ba ka tare wa dabbar hanyar fita ba.

Yanzu ga kuskuren abokinka, wanda mutane da yawa suke yi. Duk abin da uwar nan ta yi, hucin da kaɗa haƙoran da dukan ƙasan da zaburowar da ta tsaya a rabi, kurari ne na wadda ta tsorata, tana cewa ku ba ta wuri. Dabarar macen baƙin beyar ita ce ta kora 'ya'yanta sama, ita kuma ta tsaya a ƙasa tana barazana, ko ma ta bi su. Tana iya kai mari ko cizo idan an matsa mata, kuma raunin ba wasa ba ne, amma kisa daga gare ta abu ne mai wuyar samu. Farfesa Stephen Herrero na Jami'ar Calgary a Kanada, tare da abokan aikinsa, sun bi diddigin duk kisan da baƙin beyar na daji ya yi a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009, suka buga sakamakon a 2011. Sun samu mutum 63 a hare-hare 59. A kashi 88 cikin 100 na hare-haren, beyar ɗin farautar mutumin ya yi a matsayin abinci, kuma kashi 92 cikin 100 na masu wannan farauta maza ne. Kusan duk waɗanda abin ya rutsa da su suna su kaɗai ne ko su biyu.

Wannan binciken ya juya abin da ido ke gaya wa mutum. Mai hayaniya shi ke neman a rabu lafiya. Wanda za a ji tsoro shi ne wanda ke bin ka shiru, ba huci ba kurari, kansa a ƙasa, idonsa a kanka, in ka sauya hanya ya sauya, in ka tsaya ya ci gaba da matsowa. Irin wannan ba a ja masa da baya har abada. A tsaya a fuskance shi, a haɗu wuri ɗaya in ana da yawa, a ɗaga hannuwa ko riga don a ƙara girma a idonsa, a yi tsawa, a jefe shi da duwatsu da itace, a hau tudu in akwai. Kada a jefa masa abinci don ya ƙyale ku, domin lada ke nan kuka ba shi a kan bin mutane. Tsayawa da ƙafa biyu da yake yi, wadda ke firgita mutane a hoto, yawanci ƙoƙari ne na ya gani da kyau ya kuma shaƙi iska ya gane ko mene ne a gabansa.

Ina ganin wani ɓangare na matsalar daga 'yartsana ya faro. A 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya ƙi harbin wani beyar da aka ɗaure masa a jikin bishiya a wajen farauta a Misisipi, labarin ya bazu, aka fara ɗinka 'yartsanar beyar mai laushi da sunansa na Teddy, wadda yau yara ke rungume da ita a ko'ina cikin duniya. Mutumin da ya tashi da wannan siffa a ka shi ne zai ga dabbar daji ya ji kamar ya shafa ta. A watan Afrilun 2024 an ɗauki bidiyon wasu mutane a Asheville, a Karolina ta Arewa, suna fizgo 'ya'yan beyar daga kan bishiya don su yi hoto da su, aka ƙare da kai ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan renon namun daji, ba tare da uwarsa ba.

Tambaya: Malam, na sha jin cewa idan beyar ya kawo hari, mutum ya kwanta ya yi kamar ya mutu. Na riga na koya wa yarana haka. Wani kuma ya ce mini ya danganta da launin dabbar. Ina gaskiyar take? Daga wani magidanci.

Amsa: Alhaji, a tara yaran yau a gyara musu karatun, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shawarar kwanciya kamar matacce ta girizli ce, wato babban beyar na yammaci da arewa, wanda ake samu a Alaska da yammacin Kanada da jihohi irin su Montana da Wyoming da Idaho. Shi girizli yawancin harinsa na kare kai ne ko kare 'ya'ya, saboda haka idan mutum ya kwanta rub da ciki, ya kare ƙeyarsa da hannuwa, ya buɗe ƙafafu don kada a juya shi, dabbar takan ga barazana ta ƙare ta tafi. Baƙin beyar kuwa, kamar yadda na faɗa wa ɗalibin nan, idan har ya kai ga kama mutum da gaske, to mai yiwuwa ci yake nufi, kwanciya kuma sauƙaƙa masa aiki ne. A nan faɗa ake yi da duk abin da hannu ya kai gare shi, dutse ko sanda ko kwalba ko dunƙulallen hannu, ana auna fuska da hanci. Mutane da dama sun tsira ta haka.

Batun launi kuwa tarko ne. Sunan baƙin beyar suna ne kawai: a yammacin nahiyar akwai masu ruwan ƙasa da masu ja-ja da masu ruwan zuma, a gaɓar British Columbia ta Kanada ma akwai farare tas, alhali duk jinsi ɗaya ne. Girizli kuma yana iya yin duhu har ya yi kama da baƙi. Siffa ake dubawa. Girizli yana da tozo a kafaɗa, fuskarsa ta lotsa tsakanin ido da hanci, kunnuwansa gajeru ne, faratansa dogaye. Baƙin beyar ba shi da tozo, fuskarsa a miƙe take, kunnuwansa sun fi tsawo, faratansa gajeru ne masu lanƙwasa irin na hawan bishiya. In dai tsaunukan Smoky za ku, ko wani wuri a gabashin Amurka, an hutar da ku wannan lissafi, domin babu girizli a can ko ɗaya. A wurare irin su gandun Yellowstone da na Glacier ne ake samun jinsin biyu tare, kuma tazarar da doka ta sa a can yadi 100 ce.

Tambaya: Ana sayar da wani gwangwanin feshi na korar beyar. Yana aiki kuwa, ko cin kuɗi ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Yana aiki, Malama. Sinadarin da ke sa barkono yaji ne aka tace aka matse a gwangwani, yana fita kamar hazo ya kai nisan mita 8 ko 9, ya cika wa dabbar ido da hanci na ɗan lokaci ba tare da ya nakasa ta ba. Wani bincike da Tom Smith da abokan aikinsa suka buga a 2008, a kan lokutan da aka yi amfani da shi a Alaska daga 1985 zuwa 2006, ya nuna ya tsayar da baƙin beyar a kashi 90 cikin 100, kuma kashi 98 cikin 100 na masu ɗauke da shi sun fita ba rauni. Sharaɗinsa shi ne ya kasance a ƙugu ko a ƙirji, domin wanda ke ƙasan jaka ba shi da amfani a daƙiƙa biyun da ake bukatarsa. A koyi cire murfin kariyar tun a gida, a riƙe da hannu biyu, a auna ƙasa-ƙasa gaban dabbar, a kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Ba a fesa shi a jiki ko a tanti kamar maganin sauro. In ya bushe ma ƙanshinsa yana iya jawo dabbar. Ba a kuma shiga jirgin sama da shi, ko a jakar hannu ko a cikin kaya, sai dai a saya idan an isa.

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu ta matasa tana shirin kwana a tanti a cikin gandun. Iyaye sun tayar da hankali, wasu sun ce a soke tafiyar, wasu sun ce a bari sai hunturu lokacin da dabbobin ke barci. Me za ka ce mana? Daga wani shugaban matasa.

Amsa: Ba zan ce a soke ba, ba kuma zan ce wa iyaye tsoronsu shirme ne ba. Tun da aka kafa gandun, kisan farko da aka tabbatar beyar ya yi a cikinsa ya faru ne a watan Mayun 2000, lokacin da aka kashe wata mata kusa da Elkmont. Na biyu ya zo a watan Satumban 2020, a kan wani mutum da ya yi zango shi kaɗai a yankin Hazel Creek. Idan aka ɗora wannan a kan miliyoyin da ke shiga kowace shekara, za a ga cewa haɗarin mota da nutsewa a ruwa, waɗanda su ne kan gaba wajen kisa a gandun, sun fi cancantar fargabar iyaye. Duk da haka akwai darasi a wasu hare-hare biyu da suka shafi sa'o'inku: a 2015 da kuma 2021, beyar ya kama matasa 'yan shekara 16 cikin dare suna barci a ragar lilo da ake ɗaurawa tsakanin bishiyu, kuma a duka biyun 'yan'uwansu da ke kusa ne suka kore shi. Ni dai shawarata a kwana a tanti, kusa da juna, kada kowa ya ware.

Babban aikinku shi ne abinci. A sansanonin da mota ke isa, ana ajiye shi a but ɗin mota a kulle. A na cikin daji an tanadi wayoyin ƙarfe masu ƙugiya da ake ɗaga jaka sama da su. Inda babu, a rataye ta aƙalla mita 3 daga ƙasa, fiye da mita 1 daga jikin bishiya. Abinci a wurin beyar ya haɗa da man goge baki da sabulu da turare da man shafawa da cingam ɗin da aka manta a aljihu, kuma a tawagar matasa dole a samu wanda zai ɓoye biskit a ƙarƙashin matashi, don haka a binciki tantuna kafin a kwanta. A yi girki nesa da wurin kwana, a kwashe shara duka a fita da ita, kada a binne, kada a ƙone. A kan hanya a riƙa tafiya a rukuni ana hira, musamman da sassafe da almuru, lokacin da suka fi yawo, a kuma duba sanarwar hukumar kafin a tashi, domin takan rufe hanya ko sansani idan an ga beyar yana yawan zuwa.

Maganar hunturu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba dabbar tana cikin haɗamar tara kitse, tana iya shafe awa 20 a rana tana ci, ta haɗiye abin da ya kai kalori 20,000, kuma a shekarar da itatuwan oak, waɗanda take cin ƙwayayensu, ba su yi 'ya'ya sosai ba, sai ta gangaro garuruwa. Bayan nan ne take shiga makwanci, wanda a tsaunukan Smoky sau da yawa kogon tsohuwar bishiya ne can sama. Barcin ba mai nauyi ba ne kamar yadda ake zato. In an sami 'yan kwanaki na ɗumi tana iya fitowa, wadda kuma ta sami sharar da ba ta yankewa tana iya jinkirta shiga. Sanyi da ƙanƙarar kan tsaunin a watan Janairu kuwa, ga matasan da ba su saba ba, sun fi beyar haɗari.

Tambaya: Idan mutum ya ga ɗan beyar shi kaɗai yana kuka a gefen hanya, ya ɗauke shi ya kai wa jami'ai? Daga wata ɗaliba.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki taɓa shi. Ana haifar su ne a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kowanne nauyinsa kimanin gram 250, su fito daga makwanci a ƙarshen Maris ko Afrilu, kuma uwar takan bar su a kan bishiya ko a gindinta ta tafi kiwo na wasu awanni. Galibi tana kusa, tana jiran mutane su watse ne ta dawo, tsayawarki a wurin ita ke hana ta. Ki lura da inda kika gan shi, ki bar wurin, ki gaya wa ma'aikatan gandun ko hukumar namun daji ta jihar. In ya tabbata maraya ne, su za su ɗauke shi su kai shi wurin masu renon irinsu, inda ake ciyar da shi daga bayan shinge ba tare da ya ga fuskar mai ba shi abincin ba, har ya yi ƙwari a mayar da shi daji.